Wasiƙa Zuwa Fatakwal Kan Ciwon Baba

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, ya ruwan Fatakwal? Mu nan Katsina hunturu ya kankama, da safe daga Ƙofar Soro ba ka hango hasumiyar Gobarau saboda hazo.

Na ga hoton katin Baba da ka turo. Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne. Abin da likita ya rubuta, AF, karkarwar zuciya ce. Ɗakuna biyu na saman zuciya, maimakon su matse su tura jini ƙasa, sai su riƙa rawa, bugu ya rikice kamar kalangu a hannun ɗan koyo. Haɗarin shi ne jini yakan kwanta a wani lungu na ɗakin hagu ya daskare, in gudan ya ɓalle ya nufi ƙwaƙwalwa sai shanyewar ɓarin jiki. Mai wannan ciwo ya fi wanda ba shi da shi fuskantar shanyewa kusan ninki biyar.

Ka tambaya ko sabon ciwo ne, tunda muna yara ba ma jin sa. Ba sabo ba ne, amma masu shi suna ƙaruwa ƙwarai. Ƙiyasin cututtuka na duniya ya ce a 2010 mutum miliyan 33.5 ke ɗauke da shi, na 2019 kuwa ya kai kusan miliyan 60. Akwai wani gari a Amurka, Firamingham, inda ake bin lafiyar zuciyar mutanensa tun 1948. Tsakanin 1958 da 2007 yawan ciwon a cikinsu ya ninka kusan sau huɗu. Masu wannan bincike ne kuma suka gano cewa cikin mutum huɗu da suka kai shekara 40, ɗaya zai gamu da shi kafin ƙarshen rayuwarsa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: tsufa, hawan jini, ƙiba, ciwon suga, sannan an ƙara iya ganowa. Can har agogon hannu yakan tona shi.

In ka duba waɗannan alƙaluma sai ka ga Afirka a ƙasa, ka ɗauka ciwon tsofaffin Turawa ne. Ni dai da nake aikin jinya ban yarda ba. Wanda ba a gwada ba ai ba ya shiga lissafi. Za a kawo dattijo daga ƙauye kwance a bayan mota, baki ya karkace, hannu ya saki, 'yan rakiya na cewa iska ce ta buge shi, an yi kwanaki ana hayaƙi da shafe-shafe. Ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ka ji bugu uku a guje, shiru, sannan ɗaya, sannan biyu. Ƙila ya shekara da wannan yana cewa faɗuwar gaba ce. Da yawa irinsa ba sa ma isowa inda ake da na'urar ECG mai gwada bugun zuciya.

Kuma namu ya sha bamban da nasu ta wata fuska da ke damuna. Su galibi sai an haura 65. Mu kuwa mukan ga mace 'yar shekara talatin da goyo, tana haki daga ɗaki zuwa tsakar gida. Asalinsa ciwon maƙogwaro ne na ƙuruciya da ba a yi wa maganin fenisilin ba, ya koma zazzaɓin gaɓoɓi, ya lalata ƙofofin zuciya. Ga hawan jini da ya cika gari, mutum ya sha magani wata guda ya ji sauƙi ya ajiye. Yayin da tsofaffi ke ƙaruwa a ƙasar nan, nauyin biyu za mu ɗauka, na talauci da na tsufa.

Batun maganin da aka ba Baba, wafarin, na hana jini daskarewa ne. Sai ana gwajin jini a kai a kai don daidaita shi, in ya yi yawa jini ya ɓalle, in ya yi kaɗan bai tsare komai ba. Akwai sababbi da ba sa bukatar wannan gwaji, sai dai tsada, kuma ga masu lalacewar ƙofar zuciya wani babban bincike na 2022 ya nuna wafarin ɗin ya fi. Ka tambayi likitansa wanne ya dace da shi. Kada ya daina don ya ji garau, kada kuma Hajiya ta haɗa masa da asfirin ko jiƙo ba da sanin likita ba. A rage gishiri da magi a miyarsa. In aka ga dasashi na jini ko bayan gida ya yi baƙi, a kai shi asibiti a ranar.

Kai ma ka haura hamsin, ka sa a auna jininka. Ka gaishe min da Baba da Hajiya da yara. Maiɗakina tana gaida taka, ta ce za ta aiko da kuka da daddawa in an sami mai zuwa.

Wassalam,
Naka amini