Kuɗin da ake mantawa a lissafin wutar lantarkin iska

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan maganar da ake yawan yi cewa wutar lantarkin da ake samarwa da iska ta fi kowace arha. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki idan lissafin ya tsaya a gindin injin da iska ke juyawa, tunda ba a sayen gas ko kwal, amma kafin wutar ta isa gidan mai biya akwai sauran ɗawainiya.

Dakon wutar shi ne ya fi cin kuɗi, domin galibi iska mai ƙarfi nesa da birane da masana'antu take kaɗawa. Jihar Teksas ta Amurka ta kashe kusan dala biliyan 7 wajen jan layuka daga yammacinta zuwa manyan biranenta, aka kuma ɗora nauyin a kan masu amfani da wuta. Jamus kuwa ta so layin SuedLink, mai tsawon kimanin kilomita 700 da zai ɗauko wutar iska daga arewacin ƙasar zuwa kudancinta, ya fara aiki a 2022, amma aikin ya yi ta jan ƙafa. Inda layi ya gaza, asarar biyu ce: a Birtaniya akan biya masu injinan iska na Sikotland su tsayar da su, sannan a sake biyan tashoshin gas na kudu su kunna nasu, kuma abin da hakan ya ci a 2024 ya haura fam biliyan 1.

Sai batun farashi. Ranar da iska ta yi yawa, wuta takan cika kasuwa har farashin sari ya faɗi ƙasa da sifiri, kamar yadda ya faru na sa'o'i 457 a Jamus a 2024, ko da yake wutar hasken rana ma tana da hannu a ciki. Ranar da ta lafa kuwa, dole a koma ga tashoshin gas ko batura, waɗanda sai an biya masu su kuɗin zaman jira.

Ba ƙin iska nake yi ba, ganin cewa Denmak tana samun fiye da rabin wutarta daga gare ta, ko da yake layukan da suka haɗa ta da Norwe da Suwidin da Jamus ne suke rufa mata asiri. Roƙona ga hukumomin da ke kula da kasuwar wuta shi ne su riƙa bayyana kuɗin layuka da na tashoshin ko-ta-kwana tare da farashin injin, tun kafin a sa hannu a kwangila.

Wassalam,
Wani mai karatunku