Sabis na neman karya ni: in tashi ko in zauna?

Assalamu alaikum Malam. Ina gaishe ka da ma'aikatan shirin nan, Allah ya ƙara basira.

Ni mai POS ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Gwaram ta jihar Jigawa. Shekara uku ke nan da kafa teburina a bakin kasuwa, kuma ba abin da ya hana ni sakat irin sabis. Ranar kasuwa sai in bar yaro a tebur, in ɗauki na'ura in hau tudun bayan masallacin Juma'a, hannu a sama kamar mai roƙon ruwa, masu cirar kuɗi na biye da ni. Kwanan baya wani dattijo ya zo cirar naira 40,000 da ɗansa ya turo masa daga Legas. Aka zare kuɗin daga asusunsa, na'ura kuwa ta ce bai yi ba. Ya ƙura min ido ya ce, "Yaro, ka ji tsoron Allah." Bayan kwana huɗu kuɗinsa suka dawo, amma har yau in mun haɗu sai ya kau da kai.

Da ina cewa mugunta ce kawai ta kamfani, sai ƙanena da ke karatu a Kano ya warware min. Ya ce kamar yadda tasharku take da mitarta, haka kamfanonin waya suke sayen tasu mitar a hannun gwamnati, kuma gwanjonta ake yi. A 2001, farkon zuwan salula, dala miliyan 285 aka sayar da kowane lasisi. A Disambar 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon na 5G, kamfanoni biyu suka biya dala miliyan 273.6 kowanne. Wanda ya zuba wannan uban kuɗi tun bai kafa ƙarfen sabis ko ɗaya ba, ina zai fara nufa? Inda jama'a suka yi cincirindo mana, Legas da Abuja da Kano. Ya ƙara da cewa mitar 5G ɗin da aka saye da tsadar nan ba ta cin dogon zango, ta birni ce. Mu ƙaramar mita ce ke iso mana, ga ƙarfen sabis ɗin da muke laɓewa a jikinsa yana can wani gari, in man janaretansa ya ƙare shi ke nan. Amma da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data a Janairun 2025, ai ba a tsallake mu ba.

To Malam, ga inda na tsaya. Mai gari ya ce zai ba da fili kyauta in dai za a kafa mana ƙarfe. Wa za mu kai wa wannan magana, kamfani ko hukuma? Ƙanen nawa ya ce akwai asusun USPF da aka tanada don kai sabis ƙauyuka irin namu. Talaka na iya rubuta musu da hannunsa, ko sai an bi ta wurin ɗan majalisa?

Abokina kuma ya samo min rumfa a Birnin Kudu, ya ce in tattara in taho kafin jarina ya narke. Zuciyata ta karkata can, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai mahaifiyata ta tsufa, ni kaɗai ne namiji a gabanta, kuma na gwada yi mata zancen sau ɗaya, sai ta yi shiru ta ci gaba da jan carbinta.

Naka mai sauraro kullum,
wani mai POS daga Gwaram.