Godiya ga malaman tuƙi na Kwalejin Jiragen Sama ta Zariya

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe Shugaban kwaleji, da malamaina na sashen koyar da tuƙi. Bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto a bainar jama'a ne don alherin da kuka yi mini ya wuce a faɗe shi a ɗaki.

Lokacin da nake ɗalibi a Palladan, inda kwalejin take, babu abin da malamina ya fi matsa mini a kai kamar ƙafa. Hannuna ya iya sandar sarrafa jirgi da wuri, amma ƙafafuna na kwance a kan feda kamar ba nawa ba. Duk kwanar da zan sha sai ya ƙwanƙwasa gilashin da ɗan ƙwallon da ke nuna zamewar jirgi gefe yake ciki, ya ce, "Ina ƙwallonka? Taka shi!" Ya nuna mini cewa idan ka kwantar da jirgi hagu, fiffiken dama da ya ɗaga yana jan iska fiye da ɗan'uwansa, sai hancin ya fara karkata dama. Feda ce ke juya ruda a jelar jirgi ta dawo da hancin kan hanya. Ya sa na rufe ido yana shan kwana, har na koyi jin zamewar jirgi a mazaunina kafin in gan ta a gilashi.

Wata safiya ya hau da ni sama sosai, ya rage gudu, ya take feda fiye da kima a cikin kwana, ya ja sanda. Fiffiken da ke ta cikin kwanar ya saki iska, wato ya daina ɗaukar jirgin, jirgin ya kife nan take kamar katantanwa. Da ya daidaita shi sai ya ce in dubi ma'aunin tsayi in ga ƙafa nawa muka zubar. Daga nan ya tambaye ni: a kwanar ƙarshe kafin sauka, ƙafa nawa ke tsakaninka da ƙasa? Ban amsa ba. Ya sa na haddace lissafin kamar karatun allo: kwanciyar digiri 60 tana ninka nauyin da fikafikai ke ɗauka, gudun da suke sakin iska ya ƙaru da kashi 41 cikin ɗari. Jirgin da ke saki a not 50 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi) zai saki a wajen not 71.

A hunturun da ya wuce na ga ranar wannan karatu. Ina shirin sauka a wani ƙaramin fili, da fasinja biyu a baya, hazo ya rufe gari, iska ta turo ni ta baya har na zarce saitin titin. Wallahi na ji ƙafata ta hagu ta fara nauyi a kan feda, tana so ta jawo hancin da ƙarfi. Idona ya faɗa kan ƙwallon, ya gudu gefe. Muryar malam na ji a kunnena. Na saki ƙafa, na miƙar da fikafikai, na ba shi wuta, na sake zagayowa. Minti biyar muka ƙara, muka sauka lafiya. Fasinjojina ba su ma san an yi wani abu ba. Ɗaya yana ta waya da iyalinsa tun kafin farfela ta tsaya.

Tun 1964 aka kafa wannan kwaleji mai yaye matuƙa, kuma ni shaida ne cewa malamanta ba sa sa hannu a takardar ɗalibi sai ƙafarsa ta farka. Ina kuma gode wa injiniyoyin da ke duba jiragen tun da asuba, waɗanda ɗalibai ba su cika sanin sunansu ba.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya kare ku da ɗalibanku a sama da ƙasa. In Allah Ya yarda zan shigo Zariya bayan Sallah in gaishe ku da bakina.

Naku,
Tsohon ɗalibinku