Rahoton ayyukan ƙungiyarmu ta masu ciwon suga na bana

Ƴan uwa, assalamu alaikum.

Da kuɗin wata zan fara, tunda su suka cinye mini takalmi bana. Dala ɗari ce, mu da bakinmu muka yanke, amma har yau da yawa ba su cika ba. Na je unguwar Zariya, na je Bagalam, nan cikin Maradi, wani gidan sau uku, kuɗin kabu-kabu daga aljihuna. Masu tambaya ina na'urar awon suga ta biyu da aka yi alkawari, amsarku ke nan: asusu bai kai ba. Ziyarar Madarumfa ma abin da ya tsayar da ita ke nan, ga damina ta faɗi kowa ya nufi gona. Ba barci biro, wato shugabannin ƙungiya, ya yi ba.

Taron wata-wata an yi, fuskokin dai na kullum.

Abin da ya wanke mana zuciya shi ne zamanmu da masu bincike ran 14 ga Nuwamba, ranar ciwon suga ta duniya. Sun zo da takardar tambayoyi da aka juyo daga Faransanci, suka ce mu gwada musu kafin su shiga ƙauyuka da ita. A karanta tambaya, mutum ya faɗi abin da ya fahimta. Nan fa aka sha dariya. Da aka zo kan wahalar hawa bene, wata gwaggonmu ta ce ita ba ta taɓa taka bene ba, a tambaye ta daka ko jan guga. Aka rubuta. Auna ciwo daga 0 zuwa 10 bai shiga kan tsofaffi ba, aka koma "kaɗan, da dama, ƙwarai". "Kwana 30 da suka wuce" aka ɗaura shi da tsayuwar wata. Kuma takarda guda kan ciwon suga, babu fura, babu azumi, a Maradi! Mata suka ce wasu tambayoyin sai dai mace ta yi musu, kuma ba a gaban maigida ba. Yawancin gyaranmu sun ɗauka, suka maido takardar muka sake gwadawa.

Ranar farko rumfa ta cika, har da waɗanda rabona da su tun ƙaramar salla. An ji akwai abinci da kuɗin mota. Zagaye na biyu da babu ko ɗaya, kujeru suka yi mana yawa.

Littafin kuɗi yana wurina, mai so ya zo ya duba. Bashin bana a kawo kafin taron Janairu. Ni dai na gama bin gida-gida.

Ma'aji