A ceto rubuce-rubucenmu da ke kulle a tsofaffin faya-fayan kwamfuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin jami'o'inmu da ɗakunan karatu a kan rubuce-rubucen da aka buga a kwamfuta tun daga ƙarshen shekarun 1980 har zuwa farkon shekarun 2000, aka adana su a faifan fulofi, wato siririn faifan ajiye bayanai da ake zurawa a kwamfutocin da. A nan Jos, duk wanda ya yi karatu ko aikin ofis a wancan zamani ya san yadda ake kai kundin digiri ko rahoton ƙungiya shagon buga takardu, a biya kuɗi, a karɓo takardun tare da faifai. Da yawa daga cikin takardun nan gara ta ci ko sun salwanta wajen ƙaura, faifan ne kaɗai ya rage a akwati, kuma kwamfutar yau ba ta da ma ramin da za a zura shi.

Kafin a fahimci matsalar sai an san manhajojin da aka yi rubutun da su. A 1976 Michael Shrayer ya fitar da Electric Pencil a Amurka, wadda ake lissafawa a matsayin manhajar rubutu ta farko a ƙananan kwamfutoci. Bayanta kamfanin MicroPro ya fito da WordStar, wadda ta fara aiki a kan tsarin gudanar da kwamfuta na CP/M kafin ta koma wani tsarin mai suna DOS bayan fitowar kwamfutar IBM a 1981. Da yake allunan madannai da yawa na lokacin ba su da maɓallan kibiya, mai rubutu yakan danne Ctrl tare da E, S, D ko X domin ya matsa sama, hagu, dama ko ƙasa, kuma ƙwararren mai bugu ba ya ɗaga hannunsa daga kan haruffa. Microsoft Word ta zo a 1983, amma wadda ta mamaye ofisoshi ita ce WordPerfect, musamman samfurin 5.1 na 1989 mai shuɗin allo, wanda sakatarori da dama suka haddace maɓallansa kamar karatun allo: F10 a adana, Shift da F7 a tura wa firinta.

Kowace daga cikin manhajojin nan tana da nata tsarin ajiye fayil. WordStar, alal misali, takan sauya lambar harafin ƙarshe na kalma domin amfanin kanta wajen daidaita layi, saboda haka idan aka buɗe fayil ɗinta da manhajar zamani sai a ga kalmomi sun ƙare da baƙin alamomi. Mutane da yawa kan ga haka su yanke hukuncin cewa fayil ɗin ya lalace su share shi, alhali rubutun yana nan lafiya lau.

Mu masu rubutun Hausa muna da ƙarin wahala. Tsarin ASCII mai alamomi 128, wanda kwamfutocin da ke amfani da shi wajen ba kowane harafi lamba, bai tanadi ɓ, ɗ da ƙ ba, shi ya sa wasu suka riƙa buga b, d da k su ɗora ƙugiyar da biro bayan an fitar da takarda, wasu suka yi amfani da waƙafin sama, wasu kuma daga baya suka ƙirƙiri salon haruffa na musamman wanda ya ari gurbin wasu alamomi. Tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya ba haruffan nan lambobinsu, sai dai an daɗe kafin ya shiga hannun jama'a. Idan babu salon haruffan da aka yi bugun da shi, ba a gane inda ƙugiya take.

A nan ne manhajar kwaikwayo take da amfani. Aikinta shi ne ta sa sabuwar kwamfuta ta yi halin tsohuwa, ta yadda WordStar ko WordPerfect za ta ɗauka cewa a kan injin zamaninta take gudana, ta buɗe fayil ɗin kamar yadda mai shi ya bar shi, da sakin layinsa da jadawalinsa da bayanan ƙasan shafi. DOSBox, wadda aka fara a 2002 domin tsofaffin wasanni, tana iya wannan aiki, haka ma 86Box da ke kwaikwayon sassan injin ɗaya bayan ɗaya, kuma dukkansu kyauta ne. Na san akwai masu kallon wannan fanni a matsayin wasan matasa masu sha'awar kayan da, amma ni ina ganinsa aikin adana tarihi ne, daidai da na ma'aikatan gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Fayilolin WordPerfect ma sun fi sauƙi, domin manhajar ofis ta zamani mai suna LibreOffice tana buɗe su kai tsaye.

Sai dai kwaikwayo ba ya gyara faifan da ya mutu, kuma abin da ya sa nake cewa a hanzarta ke nan. Fulofi siririn leda ne mai rufin maganaɗisu, ƙurar hunturu tana karce shi, laimar damina tana sa masa fumfuna, kamfanin Sony kuma ya daina ƙera shi tun 2011. Ƙaramin faifai mai inci 3.5, wanda ke ɗaukar megabait 1.44, ana iya karanta shi da na'urar da ake haɗawa ta USB. Babban mai inci 5.25 kuwa sai an samo tsohuwar na'urarsa an haɗa ta da wani ɗan allon lantarki da ke sada ta da kwamfutar zamani, irin Greaseweazle. Ƙa'idar masu wannan aiki ita ce a fara kwafe faifan gaba ɗaya kafin a taɓa fayil ko ɗaya, domin wani faifan sau ɗaya zai karantu.

Shawarata ga Jami'ar Jos, da Hukumar Adana Kayan Tarihi ta Ƙasa da ke da reshe a Kaduna, da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, a Abuja, ita ce su ware tebur guda da kwamfuta guda da ma'aikaci guda da aka horar, a sanar da jama'a su kawo faya-fayansu, a kwafe, a mayar da rubutun zuwa Unicode, a ba mai shi, a kuma ajiye kwafi idan ya amince. Ya kamata a nemi tsofaffin masu shagunan buga takardu tun suna raye, domin su ne suka san wane salon haruffa aka yi amfani da shi, kuma wasunsu har yanzu suna riƙe da faya-fayan manhajojin na asali.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Unguwar Rogo, Jos