Abin da Masu Gwaji Suka Koya Mini Kan Barkwanci a Wasan Waya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana kan wani aiki da ba a cika tattauna shi a shafukan Hausa ba, wato rubuta labarin barkwanci na wasan waya.

A daminar da ta wuce na kammala rubutuna na farko, na kuma gina shi da Twine, manhajar kyauta da ta fito a 2009, wadda ake tsara labari mai rassa da ita, mai wasa yana zaɓen abin da jarumi zai faɗa ko zai aikata. Labarin wani Bazazzage ne da ya sauka a Kano domin ya saro atamfa a Kantin Kwari, sai ya faɗa hannun wani ɗan adaidaita sahu Bakano mai zafin baki, wanda ya zagaya da shi Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi kafin ya kai shi inda za shi. Ina rubutawa ina ƙyaƙyata dariya ni kaɗai, har na ɗauka aikin ya gama kyau.

Abokaina na farko da na tura wa ba su amfane ni da komai ba, domin kara ta hana su faɗin gaskiya, kowa sai ya ce Allah ya ƙara basira. Da na gane haka sai na daina tambaya, na koma ina zama kusa da mai wasa ina kallon fuskarsa da babban yatsansa. Nan na ga ana tsallake duk shafin da ya wuce layi huɗu ba tare da an karanta ba, na kuma ga cewa salon haruffan da na zaɓa yana mayar da ƙ da ɗ da ɓ akwatuna a wasu wayoyi. Haka kuma raha da ta ba da dariya sau ɗaya takan zama abin gundura idan mai wasa ya koma baya ya sake tarar da ita sau uku, abin da ba ya faruwa ga mai kallon wasan kwaikwayo.

Gyaran da ya fi shiga jikina kuwa daga wajen kawuna ya fito, dattijon da bai taɓa yin wasan waya ba. Da na karanta masa, bai ko murmusa ba. Ya nuna mini cewa wasan Kanawa da Zazzagawa, kamar na Fulani da Barebari ko na taubasai, ana yin sa ne ido da ido, kowa yana da bakin ramawa, kuma ramuwar ce take mayar da tsokana zumunci. Ni kuwa na ba Bakano duk maganganu masu daɗi, na bar baƙon da "to" da "haka ne". Wannan, in ji shi, cin fuska ne. Abin kunyar shi ne, Bazazzagen nan shi ne mai wasa ke riƙe da shi, ashe na zaunar da mutum ne ana yi masa ba'a a wayarsa da datarsa.

Na sake rubuta kusan rabin labarin, yanzu duk tsokanar da direban ya yi akwai martani uku da za a zaɓa, kuma mafi zafinsu yana sa shi rage kuɗin mota.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridar nan ta ware ɗan gurbi, ko da sau ɗaya a wata, inda masana adabi za su riƙa yin sharhi kan irin waɗannan rubuce-rubuce kamar yadda ake yi wa littattafai da fina-finai. Nawa yana nan a shirye idan ana neman na farawa.

Naka,
Wani mai karatu daga Fagge, Kano