Wasiƙa daga Maraɗi a kan asusun mata

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya. Ya kasuwa, ya mutanen Kumasi? Nan gida kowa lafiya lau, Inna ma ta ce in gaishe ka da kyau.

Saƙonka ya iso a kan maganar ƙanwarka da take son shiga ƙungiyar asusu ta matan unguwarsu. Ka ce hankalinka bai kwanta ba, tunda kana aiko mata da na cefane duk wata. Don Allah ka bar ta ta shiga. In ma da hali, ka haɗa mata na wata biyu wuri guda ta yi jari.

Wannan tsarin asusu da ake kira Mata Masu Dubara ai namu ne. A jihar nan ta Maraɗi aka fara shi a 1991, lokacin da ƙungiyar agaji ta CARE ta zauna da matan karkara aka ɗora sabon tsari a kan adashin da iyayenmu mata suka saba. A adashi sai zagaye ya zo kanki za ki kwasa, ko da matsalar ta riga ta wuce. A nan kuwa mata kamar ashirin zuwa talatin ne ke haɗuwa duk mako, kowacce ta zuba abin da aka yanke, mai buƙata ta ranta ta juya ta maido, ƙarshen zango a raba. Akwatin ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Kuɗin kuma guminsu ne, ko dala ba a kawo musu daga waje ba. Daga nan tsarin ya bazu ƙasashen Afirka da dama.

Ka tuna yadda damina take a ƙauyukanmu kafin sabon gero ya nuna. Rumbu ya ƙare, maigida wataƙila bai dawo daga ci-rani ba, ga zazzaɓin cizon sauro yana kayar da yara. A lokacin ne ake cin bashin tiya ɗaya a biya biyu da kaka, shekara ta zagayo a sake komawa gidan jiya. Mu da muka ga yunwar 2005 ba sai an ba mu labari ba. Matar da ke da jar akuya biyu a turke, tana soya ƙuli-ƙuli tana sayar da man gyaɗa, ba ta shiga wannan tarko da sauƙi. Yaro ya kwanta da dare, da safe ta kai shi asibiti ba tare da jiran kowa ya aiko ba. Abin da na lura da shi shi ne, ribar da ta shiga hannun uwa a tukunya take ƙarewa, ko a sabulu, ko a littafin 'yar makaranta. Yarinyar da uwarta ke da jari ba a cika cire ta daga aji don talla ba.

Na san za ka tambayi ƙarin da ake ɗorawa a kan rance. Tambaya ce mai kyau, ƙanwar taka ta nemi fatawar malami. Akwai ƙungiyoyin da ke kauce masa, su sayi hatsi da kaka su ajiye, farashi ya tashi su sayar su raba riba.

Ban ce asusu zai mai da ita attajira ba, kuma ba ya gina rijiya ko asibiti. Amma kai ma ɗan kasuwa ne, yau ciniki gobe shiru. Ranar da ba ka samu na aikowa ba, da me za ta ciyar da yaran nan?

Ka kira mijinta ku yi magana ta mutunci, don da yardarsa abin zai ɗore. In kana so in je in same shi da kaina, ka sanar da ni kafin Juma'a. A gaida iyali.

Wassalam,
Amininka